TSARIN SHEKARA GA MAI SANA'AR FASAHA: DARASI DAGA RAYUWAR LADI KWALI

Gabatarwa

Duk wanda ya juya bayan takardar naira 20 wadda Babban Bankin Nijeriya ya fitar cikin shekarar 2007 zai ga hoton wata mace tana aikin ginin tukunya. Wannan ita ce Dokta Ladi Kwali, maginiyar tukwane, wadda ta yi yawancin aikinta a garin da ake kira Suleja yanzu, ta kuma rasu a Minna, babban birnin Jihar Neja, ran 12 ga Agusta, 1984. Ba ta gaji sarauta ba, ba ta kuma riƙe muƙamin siyasa ba. Yumɓu da aikin hannunta su suka kai ta wannan matsayi.

Allah Ya albarkaci ƙasarmu da masu fasaha iri iri. A Jihar Neja kaɗai akwai maƙeran tagulla da masu narka kwalba su yi duwatsun ado da awarwaro a Bida, akwai magina tukwane a Tatiko kusa da Paiko, ga kuma masaƙa, da maɗinkan hula da manyan riguna, da masassaƙa, da dukawa, da masu zane, da makaɗa. Amma abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga cikinsu sukan shekara suna aiki ba hutawa, in shekara ta zagayo kuwa sai a tarar jarin bai ƙaru ba, gwaninta kuma tana nan inda take bara. Irin wannan shi ke sa 'ya'yan gida su guje wa sana'ar iyayensu, har ta mutu tare da tsofaffi.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai sana'ar fasaha, namiji ko mace, yadda zai zauna a farkon kowace shekara ya ƙudurta abubuwa kaɗan waɗanda ake iya ƙidayawa, wasu don kyautata aikin hannunsa, wasu don kyautata cinikinsa, ya raba su bisa lokutan shekara, sa'an nan ya auna kansa in shekara ta ƙare. Za mu fara da tarihin Ladi Kwali, domin a cikinsa ne za a ga yadda sana'a ke hawa mataki mataki.

1. Matakan da Ladi Kwali ta taka

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A can ginin tukwane aikin mata ne, ita ma tun tana yarinya ta koye shi a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu ake ginin, ana murza yumɓu kamar igiya ana ɗorawa, maginiya tana zagaya tukunyar tana daidaita ta. In ta bushe sai a gasa ta a fili da itace da busasshiyar ciyawa. Ladi ta ƙware ƙwarai wajen gina randuna da tuluna, ta kuma shahara da zanen da take tsagawa a jikinsu, na kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsaye. Matakin farko ke nan, watau ta mallaki sana'ar gida sarai tun kafin ta nemi wata.

Kyan aikin nata ya sa Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa. A nan ne wani Bature maginin tukwane daga Ingila, mai suna Michael Cardew, ya gan su cikin 1950. Gwamnatin wancan zamani ta ɗauki Cardew aikin kyautata sana'ar tukwane, cikin 1952 kuwa ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda ita ce aka sake wa suna Suleja bayan an ba sabon Birnin Tarayya sunan Abuja. Cikin 1954 Ladi ta shiga wannan makaranta, ita ce kuwa mace ta farko da ta shiga. A lokacin ta kusa shekara talatin, kuma ta riga ta yi suna, duk da haka ba ta ji nauyin komawa ɗaliba ba. Ta koyi gini a kan keke mai juyawa, ta koyi shafa ruwan ƙyalli irin na tangaran, ta koyi gashi a rufaffiyar matoya wadda zafinta kan haura digiri 1,200, alhali gashin fili ba ya kai digiri 1,000. Mataki na biyu ke nan.

Mataki na uku shi ne wanda ya fitar da ita daban. Ba ta watsar da ginin hannu na Gwari don ta koyi na keke ba. Sai ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, da zanensu na gado, amma da yumɓun da zai jure zafin matoya, a kuma shafe su da ƙyalli. Abin da ya fito sabo ne, babu irinsa a Kwali, babu a Ingila. Kayan makarantar kuma akan buga musu hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, tare da alamar wanda ya gina, nata kuwa haruffa biyu ne, LK.

A nan akwai abin lura ga duk mai ciniki. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, zafi yana fita. Da aka shafe randa da ƙyalli aka gasa ta a matoya sai ƙofofin suka toshe, ta ƙara nauyi, ta daina sanyaya ruwa, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Ashe ke nan ta tashi daga kayan amfanin gida ta koma kayan ado, mai sayenta ma ya sake. Dole aka nemi kasuwarta a wani wuri. An nuna kayan Abuja a Landan cikin 1958, da 1959, da 1962, Ladi da kanta ta je Ingila ta nuna yadda take gini, cikin 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Mataki na huɗu ke nan.

Daga nan girmamawa ta biyo baya. An ba ta lambar MBE cikin 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta cikin 1977. Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu ilmi da fasaha cikin 1980, da lambar OON cikin 1981. Mai karatu ya dubi tazarar da ke tsakanin 1954 da 1977, shekara 23 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, in dai kowace shekara an ƙara taku ɗaya.

2. Buri daban, ƙuduri daban

Kowa yana da buri. In ka tambayi maɗinki abin da yake so bana zai ce, "Ina so Allah Ya buɗa." Wannan addu'a ce mai kyau, wajibi ne kuwa a yi ta, sai dai manomi ma yana roƙon damina mai albarka amma ba ya barin sharar gona. Ya san yawan irin da zai shuka, da gonar da zai sa dawa, da wadda zai sa doya, da watan da zai yi huɗa.

Ƙuduri shi ne burin da aka sa wa adadi da rana. "Ina so in ƙware" buri ne. "Kafin ƙarshen Maris zan iya ɗinka aska takwas ni kaɗai, ba tare da maigidana ya gyara mini ba" ƙuduri ne, domin in Maris ya ƙare kowa zai iya gani ko an cika ko ba a cika ba. Ƙuduri nagari yana da sharaɗi uku: a iya ƙidaya shi, a yanke masa lokaci, ya kuma kasance cikarsa tana hannunka. Samun lambar yabo ba ya hannunka, kammala tukwane goma da suka isa a kai gasa kuwa yana hannunka.

Kada kuma a yawaita. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Ƙuduri biyu na aikin hannu, biyu na ciniki, ɗaya na koyar da wani, sun ishi mutum shekara guda.

3. A fara da lissafin bara

Ba a tsara bana sai an san abin da bara ta bari. Saboda haka aikin farko shi ne ka keɓe yini guda, ka sami littafi sabo, ka amsa waɗannan tambayoyi tsakaninka da Allah. Kaya nawa na yi bara? Nawa na sayar, nawa suka lalace, nawa suka yi kwantai? Wane iri ne aka fi nema, wane ne kuma na fi samun riba a kansa? Sau da yawa ba iri ɗaya ba ne. Su wane ne suka saya, kuma su wa suka dawo? Nawa nake bi bashi, nawa ake bi na? A wane wata ne hannuna ya bushe har na taɓa jari?

Wanda bai rubuta kome bara ba kada ya karaya, ya faɗi abin da ya iya tunawa, ya sa riƙe littafi ya zama ƙudurinsa na farko bana. Rubutun boko ko na ajami duk ɗaya ne. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ko wani amintacce ya riƙa rubuta masa kowace yamma, shi kuma ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Shafi biyu ake bukata, na dama don abin da ya shigo, na hagu don abin da ya fita, kowanne da kwanan wata.

Wannan lissafi ba baƙon abu ba ne gare mu. Musulmin da dukiyar cinikinsa ta kai nisabi, shekara kuma ta zagayo mata, ba shi da hanyar fitar da ɗaya cikin arba'in na zakka sai ya san abin da ya mallaka. Haka nan Kirista mai fitar da ushiri. Littafin nan kuma shi ne shaidarka ranar da ma'aikacin haraji ko na banki ya tambaye ka.

4. Ƙudurin aikin hannu

Gwani yakan tsaya wuri ɗaya ne in abin da ya iya ya fara ciyar da shi, sai ya yi ta maimaita shi har wani yaro ya zo ya wuce shi. Maganin haka shi ne kowace shekara a ɗauki aibi ɗaya a gyara, a kuma ɗauki sabon abu ɗaya a koya.

Aibin aikinka ka san shi, masu saye ma sun sani, ko da ba su faɗa ba. Ga maginiya wataƙila yawan fashewa ne a wurin gashi, ko bakin tulu da ba ya daidaita. Ga marini shuni ne mai zuba. Ga baduku ɗinki ne mai warwarewa, ko fata mai wari. Ga maƙerin tagulla zane ne da ba ya fita sosai. Ka zaɓi ɗaya, ka binciki sanadinsa. Fashewar tukwane, alal misali, takan zo ne daga tsakuwa ko iska da ta maƙale cikin yumɓun da ba a kwaɓa da kyau ba, ko daga gasa tukunyar da ba ta gama bushewa ba, domin ruwan da ya saura a jikinta yakan zama tururi ya fasa ta. In an gane sanadi, gyara ya zo kusa.

Game da sabon abu kuwa, ka nemi wanda ya fi ka, ka je gare shi da ladabi, ko da ya girme ka ko ka girme shi. Ka yanke yawan kwanakin da za ka yi a wurinsa da abin da za ka kashe, ka rubuta. Sa'an nan ka keɓe lokacin gwaji, ko da rabin yini ne kowane mako, wanda ba na aikin kowa ba ne, ka kuma yarda cewa kayan da za a ɓata a wurin gwaji kuɗin makaranta ne.

Amma a yi hattara da kwaikwayo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutanen Landan ba su yi sha'awar kayan Ladi don sun yi kama da nasu ba, kunamar Kwali da hawainiyarta suka tsaya kallo. Sabon abin da za ka koya ya zama ƙari ne a kan na gado. Har ila yau, ka ajiye abu ɗaya mafi kyau daga aikin kowace shekara, ka rubuta shekarar a jikinsa, kada ka sayar. Bayan shekara biyar ka jera su, su za su gaya maka gaskiyar ci gabanka.

5. Ƙudurin ciniki

Babbar cutar masu fasaha ita ce rashin sanin abin da kayansu suka ci. Bari mu kawo misali, amma a sani kuɗin da za a ambata na kwatance ne kawai, kowa ya sa farashin garinsu.

A ɗauka wata maginiya ta gina tukwane 100. Yumɓu da dakonsa sun ci naira 20,000, itace da ciyawa naira 15,000, kuɗin mota zuwa kasuwa naira 15,000, ladan aikinta da na mai taya ta kuma naira 70,000. Jimla naira 120,000. Ita a ganinta kowace tukunya ta ci naira 1,200, saboda haka in ta sayar a kan naira 1,400 ta sami ribar naira 200. To, amma 20 sun fashe a wurin gashi da kan hanya, saura 80. In aka raba naira 120,000 gida 80, kowace tukunya ta ci naira 1,500. Abin da zai shigo hannunta naira 112,000 ne, watau ta faɗi da naira 8,000 tana murnar riba. Ba za ta gane ba, domin faɗuwar daga ladan guminta take fita.

Yanzu a ce ta ƙudurta bana fashewa ba za ta wuce 10 cikin 100 ba, ta kuwa cika. Tukwane 90 a kan naira 1,400 sun kama naira 126,000. Ba ta ƙara farashi ba, ba ta ƙara jari ba, ga ribar naira 6,000 bayan ladan aikinta. Mai karatu zai ga yadda ƙudurin hannu da na ciniki suke tafiya tare.

Daga wannan misali ka'idodi huɗu suka fito. Ta farko, ka sa ladan aikinka cikin lissafi, domin lada daban, riba daban. Ta biyu, ka raba kuɗin sana'a da na cefane, ka yanka wa kanka abin da za ka ɗauka kowane mako, sauran ya zauna a asusun sana'a. Ta uku, kada ka fara aikin da aka ba ka sai an ba da kafin alƙalami wanda zai sayi kayan aikin, a kuma rubuta ranar karɓa, kai kuma ka cika alkawari, gama saɓa alkawari ya kori masu saye fiye da tsada. Ta huɗu, tun da yake farashin kaya yana motsi, ka sake duba naka kowane wata uku.

Bayan wannan sai maganar kasuwa. Ka tuna da randar Ladi, kowane kaya da mai sayensa. Mai zuwa Kasuwar Gwari ko Kasuwar Kure a Minna don sayen tukunyar miya, ƙwari da sauƙin kuɗi yake nema. Mai otal ko ofis a Abuja da ke son abin da zai ƙawata zaure, kyan gani yake nema, zai kuwa biya ninkin wancan. Mai hikima yakan riƙe biyun: kayan yau da kullum su ciyar da gida, kayan ado kaɗan su ɗaga suna. Ƙuduri mai kyau a nan shi ne, "Bana zan buɗe ƙofar ciniki guda ɗaya sabuwa," ko kanti a wani gari, ko baje kolin Kaduna, ko tallar kaya ta wayar hannu a WhatsApp da Facebook. Mai talla ta waya ya ɗauki hoto da hasken rana, ya faɗi girma da farashi na gaskiya, kada kuma ya saki kaya sai ya tabbata daga bankinsa cewa kuɗi sun shiga, domin akwai 'yan damfara masu aiko da saƙon ƙarya. Kowane abu da ya fita daga hannunka kuma ya fita da alamarka, kamar yadda LK ta fita a gindin kayan Ladi.

6. Raba aiki bisa lokutan shekara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙudurin da ba a ɗaura shi a kan wata ba, sai Disamba ta riske shi. A yankin Minna damina takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, rani kuma daga Nuwamba zuwa Maris. Ga yadda maginin tukwane zai iya raba shekararsa, sauran masu sana'a su kwatanta da tasu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin yawan aiki ne, ga busasshiyar ciyawa da itace, ga kuɗi a hannun manoma bayan kaka, ga bukukuwan aure. Sai dai iskar hunturu tana busar da yumɓu da gaggawa har ya tsage, don haka a shanya a inuwa, a rufe. Maris da Afrilu watannin zafi ne, lokacin da ake neman randa da tulu, wanda bai tara su tun da sanyi ba ya makara. Da damina bushewa tana jinkiri, gashin fili yana wuya, mutane kuma suna gona. Wannan shi ne lokacin zuwa koyo, da gwajin sabon zane, da gyaran rumfa da kayan aiki, shi ne kuma lokacin da ake cin jari in ba a yi tanadi ba. Saboda haka a riƙa cire wani abu daga cinikin rani, ko kashi ɗaya cikin goma ne, a zuba a adashi ko a banki. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Maɗinki da baduku da makaɗi kuwa, Salla ce kakarsu, da Kirsimeti, da lokacin biki. A tuna shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka, Salla tana matsowa kowace shekara. A duba kalanda tun farkon shekara, a ƙirga baya, a san ranar sayen zare da yadi tun ba su yi tsada ba, da ranar da za a daina karɓar sabon aiki.

7. Hukumomin da ya kamata a sani

Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomi waɗanda aikinsu ya shafi mai sana'a, yana da kyau ziyartar ɗaya daga cikinsu ta shiga tsarin shekara.

Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ita ke rajistar sunan sana'a. Wanda ke ciniki da wani suna ban da nasa na yanka, doka ta nemi ya yi rajista, da takardar ne kuma ake buɗe asusun banki da sunan sana'a. Hukumar SMEDAN, wadda dokar 2003 ta kafa, tana kula da bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, tana ba da horo da shawara. Bankin Masana'antu, wanda aka kafa cikin 2001, yana ba da rance ga masu sarrafa kaya. Hukumar Raya Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1975, ita ke shirya bikin fasaha da al'adu na ƙasa, inda jihohi ke kai gwanayensu. Mai son fitar da kaya ƙasashen waje kuma sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kaya, watau NEPC.

Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, zane, ko sassaƙa, ko waƙar da mutum ya ƙirƙira mallakarsa ce tun daga ranar da ya fitar da ita, haƙƙin kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, magadansa su amfana. Kada mai fasaha ya sa hannu a takardar sayar da haƙƙinsa sai an karanta masa ya fahimta.

Gargaɗi ɗaya game da rance: kada a karɓe shi sai littafi ya nuna daga inda za a biya. Rancen sayen kayan aiki yana iya biyan kansa, na biki kuwa jari yake ci. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu sana'a goma da suka kafa ƙungiyar gama kai suna iya sarin kaya tare, su ɗauki mota ɗaya zuwa kasuwa, a kuma saurare su a inda ba za a saurari mutum ɗaya ba.

8. Wa zai gaje ka?

Sa'ad da Cardew ya bar aiki cikin 1965, waɗansu mata huɗu sun riga sun bi sawun Ladi zuwa makarantar Abuja: Halima Audu, da Lami Toto, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. Ɗakin da matan ke ginin hannu a ciki shi ake kira Ɗakin Gwari. Daga baya aka sa wa makarantar sunan Ladi Kwali. Amma bayan rasuwarta aikin wurin ya yi ta ja da baya, alhali tukwanenta suna nan ajiye a manyan gidajen tarihi, kamar na Victoria da Albert a Landan. Gidan tarihi yana iya adana tukunya, amma iya gininta sai a hannun mai rai.

Don haka ƙuduri na biyar shi ne na koyarwa. Ka ɗauki yaro ko yarinya ɗaya, ka yanke abin da zai iya kafin shekara ta ƙare, ka koya masa lissafi tare da aikin hannu, kada kuma sana'a ta hana shi makaranta. Yaro ba ya zama cikin sana'ar da ya ga tana tsiyata mai ita. In ya ga littafi, ya ga riba, ya ga mutunci, ba sai an roƙe shi ba.

9. Ranar bita

A rubuta ƙudurorin nan biyar a takarda guda, a manna a wurin aiki, a kuma gaya wa mutum ɗaya mai faɗin gaskiya, ko maigida a sana'a, ko abokin aiki, ko shugaban ƙungiya. Ƙarshen kowane wata a haɗa lissafin shiga da fita. Ƙarshen kowane wata uku a zauna da wannan mutum a duba: me aka cika, me ya saura, me ya hana? In rashin lafiya ko tsadar kaya ta sauya al'amari, ba laifi ba ne a rage ƙuduri, laifin shi ne a bar shi ba a duba ba. Wanda ya cika uku cikin biyar ya fi inda yake bara, sauran biyun kuwa su ne farkon tsarin baɗi.

Jama'a, kowace tukunya, ko tabarma, ko riga da aka yi a gida aka saya a gida, kuɗi ne da bai fita ƙasar waje ba, aiki ne kuma ga ɗan ƙasa. Muna kira ga sarakunan sana'a, da shugabannin ƙungiyoyi, da malaman yaƙi da jahilci, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan darasi, su kuma taimake su buɗe littafinsu na farko. Allah Ya sa albarka cikin sana'o'inmu, amin.

Tambayoyi don nazari

1. Kawo matakai huɗu da Ladi Kwali ta taka cikin sana'arta. A wane mataki kake yanzu?
2. Me ya sa randar da aka shafe da ƙyalli ba ta sanyaya ruwa, kuma yaya wannan ya sauya kasuwarta?
3. Mene ne bambancin buri da ƙuduri? Mai da burinka ɗaya ya zama ƙuduri.
4. Ɗauki abu ɗaya da kake yi, ka lissafta abin da ya ci, har da ladan aikinka da abin da ya lalace. Riba kake ci ko faɗuwa?
5. A wane wata ciniki ya fi ja baya a sana'arka, kuma wane tanadi za ka yi masa bana?